Takardar Shari'a da Bakin Jama'a: Tarihin Tawayen Male a Birnin Salbador

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda jikokin bayin Afirka da ke birnin Salbador, a jihar Bahiya ta ƙasar Birazil, suke ba da labarin kakanninsu, sa'an nan a gwada wannan da abin da hukuma ta rubuta. Za a taƙaita bayani a kan tawaye guda, domin a nuna cewa kowace hanya daga cikin biyun tana da abin da ta riƙe da abin da ta zubar.

2.0 Abin da Takardu Suka Riƙe

A farkon ƙarni na 19 an kai bayi masu yawa Salbador daga Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa da Nufawa da Yarabawa. A 1807 hukuma ta gano wani shirin tawaye na Hausawa tun bai kai ga tashi ba. Amma wanda ya fi shahara shi ne na daren 24 wayewar 25 ga Janairu, 1835, a goman ƙarshe na watan azumi, lokacin da mutum wajen 600, galibinsu Yarabawa Musulmi, suka fito kan tituna. Ana kiransu Male, daga kalmar Yarabanci mai nufin Musulmi. An murƙushe su kafin gari ya waye, aka kashe kimanin 70, daga baya aka harbe huɗu bisa hukuncin kotu.

Mafi yawan abin da muka sani ya fito ne daga takardun bincike da na shari'a, waɗanda masanin tarihi João José Reis ya gina littafinsa na 1986 a kansu. A nan muke samun sunayen malamai irin su Pacífico Licutan da wani 'yantaccen Bahaushe da ake kira Dandará, da layu da rubuce-rubucen Larabci da aka ƙwace. Sai dai dole mu tuna cewa wanda ake yi wa tambaya da bulala a gefe ba ya faɗin duk abin da ke cikinsa.

3.0 Abin da Baki Ya Riƙe

A bakin jama'a kuwa, sunan da ya fi tashe shi ne na wata mace, Luiza Mahin. Ɗanta Luiz Gama, lauya mai yaƙi da bauta, ya ambace ta a wata wasiƙa ta 1880, inda ya ce an sha kama ta bisa zargin shirya tawayen bayi. Masu bincike ba su ga sunanta a takardun shari'ar 1835 ba. Duk da haka jama'a suka ɗauke ta jagorar tawayen, har a 2019 gwamnatin Birazil ta sa sunanta a littafin gwarazan ƙasa.

Haka kuma ƙungiyoyin kiɗa na unguwannin baƙaƙen fata, kamar Ilê Aiyê (1974) da Malê Debalê (1979), sun mai da bikin shekara da ake yi kafin azumin Kirista wata makaranta, inda ake rera tarihin Afirka da na bayi a bainar jama'a. Ta wannan hanya kalmar Male, wadda a da abin tsoro ce ga hukuma, ta zama kirari.

4.0 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa takarda ta adana ranaku da sunaye, amma da alƙalamin wanda ya yi nasara. Baki kuwa ya adana mutuncin waɗanda aka ci da yaƙi, ko da ya ƙara gishiri. Aikin manazarci shi ne ya saurari duka biyun, ya bambanta abin da ya tabbata da abin da jama'a suke bukatar tunawa, ba tare da ya raina ɗaya ba. Mu da muke nazarin tarihin ƙasar Hausa, inda waƙar makaɗan fada da littafin malam suke saɓawa a kai a kai, wannan matsala ba baƙuwarmu ba ce.