Argungu: Biki Na Baƙi, Gari Na Masu Gari

Duk mutumin Kebbe ko Tambuwal da ya taɓa zuwa kallon su a Argungu ya san yadda garin ke cika ya batse har kwana huɗu, sa'an nan a watse a bar Kabawa da koginsu. To, me biki ya bar wa masu gari?

Asalin abin ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi shi ba. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su a Matan Fada, alamar an binne gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Sarkin Ruwa ke da ikon kogi, shi ke hana su a wurin har ranar biki, don kifi ya ƙosa. Masunci ya shiga da homa da gora, ya fito da giwan ruwa.

Da sunan bikin ya yi nisa, sai hukuma ta shigo. A 1970 Janar Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta. Aka gina masaukin baƙi da dandalin kallo, 'yan kasuwa suka samu ciniki. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya.

Amma fa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Bayan bikin 2009 ba a sake yi ba sai 2020. Baƙi suka ɗauke ƙafa, gine-ginen da aka yi dominsu suka lalace, masu jiran cinikin shekara suka sha wuya. Abin da bai lalace ba shi ne wanda jama'a ke gani nasu ne. Dubi tsohuwar fada da aka mayar Gidan Tarihin Kanta a 1958. Kabarin sarakunan Kabi na ciki, don haka Bakabe kan shiga da ladabin mai ziyarar kakanni.

Darasin ke nan. Gyaran da aka yi don idon baƙo yakan tafi tare da baƙon, wanda aka yi da mai gari shi ke zama. Mu marubuta, ya kamata mu je bakin Matan Fada bayan an watse, mu zauna da tsofaffin masunta, mu rubuta abin da suka sani tun suna raye.