Warin Abijan da Takardar da Aka Kulle

Wani ƙanen mahaifina da ke fatauci a Abijan ne ya fara ba ni labarin. Ya ce wata safiya suka tashi da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, idanu na raɗaɗi, yara na amai. Kowa ya toshe hanci, amma ba mai iya faɗin abin da ake shaƙa.

Daga baya na bi diddigin lamarin. A daren 19 ga Agusta 2006, jirgin ruwa mai suna Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya sauke dattin da ya rage bayan wanke wani ɗanyen mai da sinadari. Tun a Amsterdam aka so sauke shi, sai kuɗin sarrafa shi ya yi tsada. A Abijan wani ƙaramin kamfani ya karɓa da arha, motocinsa suka zubar a wurare kusan 18, har da jujin Akouédo. Fiye da mutum 100,000 suka nemi magani, hukuma ta ƙidaya mutuwar aƙalla 15, gwamnati kuma ta yi murabus. A 2007 kamfanin ya biya miliyar 100 na sefa ba tare da amsa laifi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rahoton Minton. Tun a Satumba 2006 aka rubuta wa kamfanin shi, yana bayyana cutar da irin wannan datti ke iya jawowa. Shekara uku mutanen Abijan ba su san da shi ba. Da jaridar Guardian ta samu kwafi a 2009, kotun Ingila ta hana ta bugawa, ta kuma hana ta faɗin cewa an hana ta. Sai da takardar ta bazu a intanet, wani ɗan majalisa ya yi tambaya a kanta, sannan aka janye hanin.

Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta riga ta haramta shigo da irin wannan guba Afirka, amma ba ta tare jirgin ba. Shi ya sa nake ganin doka kaɗai ba ta isa. Likitan da ke duba yaro mai amai yana bukatar sanin sunan gubar a ranar, haka ma uwar yaron. Kawuna ya ce har ya baro garin, ba wanda ya gaya musu abin da suka shaƙa.