Giyar Tukunya: Daga Bugazau Zuwa Bayan Ƙofar Kabuga

 

Maudu'inmu na yau yana da nauyi a baki, don haka bari mu share fage tukuna. Giya haramun ce, babu Musulmin da zai yi jayayya a kan wannan, kuma ba koyar da dafa ta muka zo yi ba. Abin da ya kawo mu shi ne wani abu da muke yawan cin karo da shi a labaran da sababbin marubuta ke ginawa a kan zamanin da. Za a zana azzalumin sarki ko boka a Kano ta shekaru ɗari biyar da suka wuce, sai ka ji an ce ya ɗauki kwalba ya kafa kai. Kwalba kuma? Giyar da ƙasar Hausa ta sani a tukunya ake dafa ta, a tsakar gida, a ƙwarya ake shan ta. Kwalbar barasa ta bakin teku ta biyo da Turawa 'yan kasuwa, kuma ta daɗe ƙwarai kafin ta iso nan.

Mu fara da littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara ya buga a 1908. Da littafin ya zo lissafa manyan mutanen Barbushe a gindin Dala, masu bautar Tsumburbura, kowa ya faɗe shi da sana'arsa. Gijigiji maƙeri ne, Hamburki mai magani, Maguji mai haƙar tama da narka ta, Jandodo sarkin makaɗa. A tsakiyarsu akwai Bugazau, shi ne mai dafa giya. Ku lura da inda aka ajiye shi: kafaɗa da kafaɗa da maƙeri da mai magani. Ke nan a Kano ta wancan lokaci dafa giya muƙami ne a cikin tsarin gari, ba abin da ake yi a ɓoye a bayan gida ba. Duk wanda zai rubuta labarin zamanin Barbushe ya mayar da mashayi saniyar ware, to ya ɗauko idon yau ya liƙa wa mutanen jiya.

Musulunci ya samu gindin zama a fada zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) da zuwan Wangarawa, ya ƙara ƙarfi zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Amma kada mu ɗauka rana ɗaya aka kife tukwane. Shekaru ɗaruruwa aka yi ana gwamutsa sallah da tsafi, har a gidan sarauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙi, cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su akwai ci da shan abin da suka ga dama ba tare da duba halas ko haram ba. Sai bayan da jama'ar jihadi suka karɓi Kano a 1807 ne layin ya fito sosai. Birni ya zama na shari'a. Hausawan karkara da suka riƙe addinin iyayensu, wato Maguzawa, aka bar su da al'adarsu bisa sharaɗin biyan jiziya. Daga nan giya ta zama alamar da ake gane mutum da ita. Bamaguje idan ya musulunta, abin da jama'a ke fara dubawa biyu ne: ya kama sallah, ya kuma bar ƙwarya.

A nan Ƙofar Kabuga ta shigo zancen. Tarihin Kano ya nuna cewa zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623) Wambai Giwa ya faɗaɗa ganuwa ta yamma, aikin da ya ratsa Dukawuya da Kabuga har Kansakali. Wanda ya fita ta wannan ƙofa ya miƙe, Gwarzo zai dosa, da Ƙaraye a gefe, sannan Dayi da Malumfashi a ƙasar Katsina. Wannan yanki na daga cikin wuraren da gidajen Maguzawa suka fi yawa har zuwa zamaninmu. Yau muna wucewa ta gadar ƙasa ta Kabuga a adaidaita ba tare da mun waiga ba, amma a ƙarni na 19 ƙofar nan iyaka ce tsakanin inda shan giya ke jawo bulala da inda ake dafa ta da rana tsaka.

To yaya gidan da ake dafa ta yake? Wannan shi ne abin da marubuci ya fi buƙata, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Da farko, a gidajen Maguzawa aikin mata ne. Bamagujiya ba ta kulle, tana da gonarta, tana da rumbunta. Kayan aikin kuwa babu baƙo a cikinsu, duk na ɗakin girkin kakanninmu ne: manyan tukwane na ƙasa a jere a kan murhu, randa, kwatarniya, dutsen niƙa, muciya, kwandon tacewa, ƙore da ludaya, sai tulin itace. Itacen nan kada a raina shi, domin dahuwa ɗaya tana cin abin da zai yi wa gida tuwon kwanaki.

Dawa ake jiƙawa kwana ɗaya ko biyu, a tsane ta, a baza a ƙasa a lulluɓe da ganye ko tsohuwar tabarma, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta yi tsiro, wajen kwana huɗu. Sai a shanya a rana, a murje, a niƙa. Murjewar nan tana da dalili. Duk makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe dabba, to dafin nan yana nan a ɗanyen tsiro, shanya da murza da tafasa su ke rage shi. Garin tsiron ake damawa da ruwa a bar shi ya kwanta. Sai a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasan shi kaɗai, sannan a mayar masa da ruwan da aka ajiye. Wanda bai sani ba zai ce wahalar banza ce. Ba haka ba ne. Garin dawa ba ya sakin jiki sai ya ji wuta sosai, shi kuwa sinadarin da ke mayar da gari ya zama zaƙi wuta ce ke kashe shi, kuma a ruwan saman nan yake. Matan nan ba su shiga ajin kimiyya ba, amma sun warware matsalar tun kafin a ba ta suna a littafi. Bayan nan a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake tafasawa na sa'o'i, a huce, a zuba ɗan ragowar tsohuwar dahuwa don ta tayar da sabuwa. Daga jiƙo zuwa sha kusan mako guda ne.

Abin da ke fitowa ba ruwa ne garai-garai ba. Burukutu kauri gare shi, ja-ja ne mai duhu, da tsami, yana kumfa yana motsi a tukunya domin bai gama aiki ba. Wanda aka tace ya fi tsinkewa shi ake kira fito. Kuma ba ya ajiyuwa: kwana biyu zuwa uku ya lalace. Wannan kaɗai ya isa ya tsara rayuwar ƙauye. Tunda ba a iya ɓoye shi a ɗaki, dole a sha shi a taro, dole kuma mata su raba ranaku tsakaninsu, yau gidan wance, jibi gidan wance, don kada dahuwa ta haɗu ta yi kwantai.

Saboda haka giya a wurinsu ta wuce abin maye. Mai gona idan ya kira gayya, da ita zai sallami majiya ƙarfi. Da ita ake biki, da ita ake makoki, ana kuma zuba wa iskoki a wurin tsafi. Uwa-uba, ita ce jarin mace: ta mayar da damin dawa kuɗi, ta sayi akuya, ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, wani lokaci ma ta agaza wa miji da kuɗin haraji. Dusar da ta rage dabbobi su ci. Ba'amurken nan Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya rubuta littafi a kan addininsu, Jerome Barkow ya yi nasa binciken a ƙasar Zazzau, Murray Last kuma a wajen Malumfashi. Abin ciwo ne a ce sai mun koma ga baƙi kafin mu san yadda maƙwabtanmu, masu harshe ɗaya da mu, suke rayuwa.

Ta wannan Ƙofar Kabuga dai sojojin Ingila suka fasa suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Mutum zai zaci da zuwan Nasara giya ta samu sake. Ba haka takarda ta nuna ba. Tun yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 aka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Lugard ya sa Arewa a wannan sahu. Dokar barasa ta 1917 ta raba Nijeriya kashi-kashi, ƙasashen sarakunan Musulmi suka faɗa inda aka haramta. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta tsiro bayansa, ga barikin soja da na 'yan sanda cike da mutanen da suka fito daga ƙasashen da burukutu abinci ne. Sai tukunya ta baro ƙauye ta tare a gefen birni, ta zama sana'ar neman kuɗi zalla, babu gayya babu tsafi. Sannu a hankali duro ya maye gurbin tukunyar ƙasa, inji ya maye gurbin dutsen niƙa. Yawancin abin da Bahaushen birni ke ji a ransa idan an ce "ɗan bariki" a wannan zamani aka haife shi. Waƙar Giya ta Mu'azu Haɗeja da wannan duniyar take faɗa, haka ma A Sha Ruwa ta Mamman Shata daga cikinta ta fito, ko da yake kowannensu inda ya dosa daban.

Giyar kwalba ta gida kuwa jiya-jiya ce. An fara yin Star a Legas a 1949, kamfanin ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, a Kano ma an yi North Brewery mai Double Crown. Dukkansu da tsiron sha'ir na ƙasashen waje suke aiki, har gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi a 1988. Ina mafita? Dawa. Kamfanoni suka bazama kasuwannin hatsi na Arewa, suka rungumi irin da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar, suka kuma ci karo da matsalar nan ta wuta da zaƙi wadda Bamagujiya ta daɗe da sanin kanta. Wani abin da ba mu cika lura da shi ba: lemon malt ɗin da muke rabawa a walima da tsiron hatsi ake yin sa, haka kunun zaƙin da iyayenmu ke sa wa tsiro don ya yi daɗi. Rabin farko na aikin ɗaya ne, a wurin tayarwa hanya ta rabu, ɗaya ya tsaya halas, ɗaya ya zarce haram.

A ɓangaren doka, kundin Penal Code na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya riga ya sa shan giya laifi ne ga Musulmi. Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, aka haramta sayar da giya a jihar a 2004. A Nuwamba 2013 Hisbah ta murƙushe kwalabe 240,000 a bainar jama'a. Kowa kwalaben ya riƙe a ka, domin su suka fi kyau a hoto, amma a wannan rana har da burukutu sama da lita 8,000 aka zubar. Shekara fiye da 200 bayan jihadi, tukunyar Bugazau ba ta gama mutuwa ba. A ƙauyukan Maguzawa kuwa ta biyu aka matse ta: wanda ya musulunta ya bari, wanda ya shiga cocin ECWA shi ma an hana shi.

Mun san abin da ke sa marubuci ya kauce wa wannan fage. Tsoro ne kada a ce yana tallata alfasha, kuma waɗanda suka ga ƙona littattafan Hausa da aka yi a Kano a 2007 ba za a ce tsoronsu na banza ba ne. Amma kaucewar tana da nata farashi. Bamaguje a labaranmu ya zama abin dariya kawai, mai gwaɓaɓɓiyar Hausa da tangaɗi, matarsa kuwa ko suna ba ta da shi. Alhali idan kana son mai karatu ya ji nauyin musuluntar mace irin wannan, sai ya san abin da ta ajiye: sana'arta, jarinta, ranarta a jerin matan ƙauye, da ƙawayen da za su daina zuwa gidanta. Wanda bai nuna tukunyar ba, ba zai iya nuna girman kife ta ba.

Haka kuma wanda ya nace sai ya sa wani attajiri ko ɗan sarki yana sha a ɓoye a cikin ganuwa, a ce zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, to akwai tambayoyin da labarinsa zai amsa. Ba a dafa ta a unguwa ba tare da hayaƙi da warin tsami sun tona asiri ba, don haka daga waje za a kawo ta. Daga ƙasar Gwarzo zuwa birni tafiyar jaki ce ta kusan kwana biyu, abin kuma kwana uku ne ransa, yana kumfa a tulu, ba ya yarda a toshe masa baki. Ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, ana rufe ta da dare. Wa ya ɗauko, a ƙarƙashin wane kaya ya ɓoye, kuma wa aka toshe wa baki a Kabuga?