Co-codamol

Co-codamol maganin rage zafin ciwo ne da ya haɗa kodin da farasitamol a ƙwaya ɗaya. Ana ba da shi idan farasitamol kaɗai ya kasa, kamar bayan tiyata. Kowace ƙwaya tana da miligiram 500 na farasitamol, da 8 ko 15 ko 30 na kodin.

Babba ba ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Wani abin da ake sakaci da shi shi ne ƙara Panadol a kai, alhali shi ma farasitamol ne: farasitamol ya yi yawa, hanta ta lalace tun mutum bai ji komai ba. Kodin kuwa yana sa gyangyaɗi da taurin bayan gida, kuma jiki yana sabawa da shi. Ba a haɗa shi da giya. Ba a ba mai shayarwa, ko yaron da bai kai shekara 12 ba.