Lasisin Neman Abinci Bayan Laifin Maye: Nazari Daga Iyakar Jibiya

A jihohi da dama na Amurka, wanda aka dakatar da lasisinsa saboda tuƙi cikin maye yana iya neman wani lasisi mai iyaka, wanda zai kai shi wurin aiki ya dawo da shi gida kawai. Galibi ana ɗaura wa motarsa na'urar da sai ya busa mata numfashi kafin injin ya tashi. Faransa ma tun 2019 ta ba gwamnonin yankuna ikon sanya wannan na'ura a madadin dakatarwa. Manufar ita ce a hukunta mutum ba tare da an raba iyalinsa da tuwo ba.

Sai dai tsarin an gina shi ne a kan ma'aikacin da mota ke kai shi aiki. Direban da ke lodi daga Katsina zuwa Magamar Jibiya, ya tsallaka Ɗan Isa ya nufi Maraɗi, tuƙin shi ne aikin. Ba shi lasisin aiki daidai yake da mayar masa da fasinjojinsa. Ko a Amurkar, dokar tarayya ta hana a ba direban manyan motocin kasuwanci irin wannan sassauci, kuma a ganina ta yi daidai.

Matsala ta biyu ta fi nauyi. Dokar hanya ta Najeriya ta sa iyakar barasa a jini kan kashi 0.05 cikin ɗari, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da na'urar busa take gwaji. Amma a Katsina, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, abin da ya fi yawo a tasha shi ne tiramadol da wiwi da kodin, wanda gwamnati ta haramta maganin tarinsa a 2018. Na'urar busa ba ta gane ko ɗaya daga cikinsu. Direban da ya haɗiyi ƙwaya don ya kore barci zai busa ya wuce lafiya lau.

Ga kuma talaucin da rufe iyaka ya bari. An rufe Jibiya a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024. Mutumin da ya sha wannan zaman, in an karɓe lasisinsa, hanyar daji zai bi.

Don haka sassaucin da ya dace da nan yana hannun ƙungiyar direbobi ta NURTW. Ita ta san wanda ke lodi da asuba. Tana iya sauke wanda aka dakatar daga sitiyari ta ba shi aikin kamasho ko rubuta fasinja, har Hukumar NDLEA ta gwada fitsarinsa ta tabbatar ya rabu da ƙwaya.