Tabon haɓata da tarihin giyar keke

1/ Duk wanda ya san ni ya san tabon nan na haɓata. Keke ne ya yi min shi, ɗinki huɗu. Jiya na ga ƙanina ya sayo keken gwanjo mai giya, yana ta murɗa ta kamar mai neman tasha a rediyo. Shi ya sa na ce bari in yi zaren nan.

2/ Keken farko ko feda babu. A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera na katako, ka zauna kana tura ƙasa da ƙafa. Sai bayan 1860, a Paris, aka liƙa feda a jikin tayar gaba kai tsaye.

3/ Ga matsalar: ƙafa ta juya sau ɗaya, taya ta juya sau ɗaya. Kana son gudu? Sai dai a ƙara wa tayar girma. Haka aka yi ta ƙarawa har ta kai kusan mita 1.5. Mahayi yana can sama, ɗan dutse ya tare shi, sai ya zo ƙasa ta ka. Wasu sun karye, wasu sun rasa ransu.

4/ A 1885 John Kemp Starley na birnin Coventry a Ingila ya fito da Rover: keke gajere, cen na ɗauko ƙarfi daga feda zuwa tayar baya. Misali, haƙora 44 a gaba, 18 a baya: taka ɗaya, taya ta juya kusan sau biyu da rabi. An samu gudu ba tare da hawa sama ba. Sunan da suka ba shi ma, ma'anarsa keken aminci.

5/ Amma da saura. A gangara feda ba ta tsayawa, tana juyawa da ƙafarka ko kana so ko ba ka so. Gab da 1900 aka yayata firiwil, abin nan mai ƙarar kar-kar-kar in ka daina takawa.

6/ A 1902 Sturmey-Archer suka fito da giya uku a cikin cibiyar taya, irin wadda Raleigh ya riƙa sawa a wasu kekunansa. Ita kuwa giyar da ke tura cen daga faranti zuwa faranti, sai 1937 aka yarda da ita a gasar Tour de France. Kafin nan, ɗan tsere sauka yake ya kwance tayar baya ya juya ta.

7/ Wannan ta biyun ce a kekunanmu na yanzu. Tana so cen yana tafiya, amma ba a ɗaure tamau ba. Ni kuma a tsakiyar hawa, ina tsaye kan feda da silifas, na murɗa ta da ƙarfina duka. Cen ya tsallake, ƙafa ta zame, haɓa ta daki kan keke.

8/ Don Allah ku riƙe waɗannan:
Sauya giya kafin hawa, ba a tsakiyarsa ba.
Sassauta taka lokacin sauyawa, ɗaya bayan ɗaya.
Kar ka sauya keke na tsaye.
A kwana, fedar ɓangaren da za ka karya ta kasance sama, kar ta kartar ƙasa.
Naɗe ƙafar wando ta dama, tattare kaftani.
Takalmi mai kama ƙafa, ba silifas ba.

9/ Ƙari: fedar hagu a juye ake ɗaure ta. In tana girgiɗi, kai wa mai gyara yau, kar ka ce sai gobe.

10/ Jama'a, mutane sun sha ƙasa shekara da shekaru kafin keke ya zama yadda yake. Ba sai kowa ya yi nasa tabon ba. Ku tura wa ƙannenku. Allah Ya tsare.