Kofin FA na farko, 1871–1872: gasar da kuɗin mota ya raba gardamarta

Masu saurarenmu na ƙauyuka da ƴan uwa mazauna waje sun sha tambayarmu a filin wasanni: wai ina aka samo wannan tsari na kofin ƙasa, wanda ake cire ƙungiya da zarar an doke ta sau ɗaya? Amsar tana ƙasar Ingila. Kofin FA shi ne gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa mafi tsufa a duniya, kuma ga yadda kakarsa ta farko ta gudana.

Yadda aka kafa gasar

An kafa hukumar ƙwallon Ingila, wato FA, a 1863. Shekaru takwas bayan nan ƙungiyoyi galibi wasan sada zumunci suke yi. Ranar 20 ga Yuli 1871, sakataren hukumar, Charles Alcock, ya kawo shawarar a sa kofi ɗaya wanda duk ƙungiyoyin hukumar za su nema. Ya ɗauko dabarar ne daga makarantar Harrow inda ya yi karatu, inda gidajen kwanan ɗalibai ke karawa, wanda aka doke ya fita, har a bar gwani ɗaya.

Aka amince, aka sayi ƙaramin kofi na azurfa kan fam 20. Ƙungiyoyi 15 ne suka ba da suna, galibinsu na Landan da kewaye. Ƴan wasan kuwa ƴaƴan masu hali ne da hafsoshin soja, ba mai karɓar albashi don buga tamaula.

Zagayen farko

An fara wasa ranar 11 ga Nuwamba 1871. A ranar ne Jarvis Kenrick na Clapham Rovers ya ci ƙwallon farko a tarihin gasar, a wasan da suka doke Upton Park 3 da nema.

Sai dai tun daga nan aka ga tangarɗa. Wasu ƙungiyoyin sun janye ba su taɓa ƙwallo ba, abokan karawarsu suka wuce a ɓagas. Akwai kuma wata doka da za ta ba ku mamaki: in aka tashi kunnen doki, hukuma na da ikon ta ce a sake wasa, ko kuma ta bar duka biyun su wuce. Babu bugun fenariti a lokacin. Haka Hitchin da Crystal Palace suka tashi ba ci, kowa ya wuce gaba abinsa.

Shi kansa filin ba irin wanda muka sani ba ne. Gola ba ta da raga, igiya ake ɗaurewa a sama maimakon sandar ƙarfe, kuma ba a canjin ɗan wasa ko da ya ji ciwo.

Baƙin Gilasgo

A nan ne labarin ya fi taɓa mu. Cikin ƙungiyoyin 15, ɗaya ce tak ta fito daga Sikotlan: Queen's Park ta birnin Gilasgo. Tsakanin Gilasgo da Landan ya fi kilomita 600, kusan nisan Yamai zuwa Maradi ke nan. An haɗa ta da ƙungiyar makarantar Donington, wasan bai yiwu ba, daga baya Donington ta janye. A zagaye na gaba kuma aka ɗauke mata wasa. Haka Queen's Park ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba tare da ta buga ko sau ɗaya ba.

A farkon Maris 1872 suka hau jirgin ƙasa zuwa Landan, suka kara da Wanderers, ƙungiyar da shi Alcock ke wa kyaftin. Aka tashi ba ci. Aka ce a sake wasa. To, a nan gizo ke saƙa: mutanen Gilasgo ba su da kuɗin da za su sake yin wannan doguwar tafiya. Suka janye ba tare da an doke su ba, Wanderers ta wuce wasan ƙarshe.

Kun ga ke nan, Wanderers wasa ɗaya rak ta ci a fili kafin wasan ƙarshe, wanda ta doke Clapham Rovers. Sauran duk janyewa ce da kunnen doki. Abokiyar karawarta kuwa, Royal Engineers, ƙungiyar injiniyoyin soja, ta zo da ƙarfinta, ba a zura mata ko ɗaya ba a hanya, don haka ita mutane suka fi ba nasara.

Wasan ƙarshe

An buga shi ranar 16 ga Maris 1872 a filin Kennington Oval na Landan, gaban ƴan kallo wajen 2,000, kowa ya biya sule ɗaya. Minti goma da farawa, wani hafsan sojan, Laftanar Edmund Creswell, ya karye a ƙashin kafaɗa. Da yake babu canji, haka ya daure ya zauna cikin fili har aka tashi, amma kamar babu shi.

Wajen minti na 15, Robert Vidal ya yanko ƙwallo ya ba Morton Betts, shi kuma ya jefa ta. Betts ya buga wasan da sunan aro, "A. H. Chequer", don tunawa da ƙungiyarsa ta Harrow Chequers, wadda ta janye tun zagayen farko. Haka aka tashi, Wanderers 1, Royal Engineers 0. Ba a ma ba su kofin a fili ba. Sai a watan Afrilu, wajen wata liyafa.

Abin da ya biyo baya

Wanderers ta ɗauki kofin sau biyar tsakanin 1872 da 1878. Sojojin su ma sun samu nasu a 1875. Queen's Park ta ci kofin Sikotlan na farko a 1874, ta kuma kai wasan ƙarshe na kofin FA a 1884 da 1885, duka biyun Blackburn Rovers ta doke ta. Shi kuwa ƙaramin kofin azurfar, ɓarayi sun sace shi a 1895 daga tagar wani kanti a Birmingham, lokacin yana hannun Aston Villa, har yau ba a gan shi ba.

Gasar da ta fara da ƙungiyoyi 15, yanzu sama da 700 ke shiga kowace shekara, tun daga na ƙananan garuruwa har su Arsenal da Manchester United da muke kallo a gidajen kallo. Irin wannan tsari ne ake bi a kofin ƙasa na Nijar, shi ne kuma a kofunan hutu da matasa ke shiryawa a ƙauyukanmu.

Don haka muke jan hankalin masu shirya gasa da ƴan uwa mazauna waje da ke aiko da riguna da ƙwallaye: kafin a sayi kofi, a fara tanadin kuɗin motar yara, zuwa da dawowa, har da na wasan da za a iya cewa a sake.